Tarwaɗar 'Yan Kwana-kwana

Garin nan bai san wani abu wai shi 'yan kwana-kwana ba sai da wuta ta lashe rabin kasuwa, mutane na tsaye suna salati. Washegari wani maƙeri da rumfarsa ta tafi a ciki ya tara abokansa, ya ce shi kam ya gama tsayawa kallo. Da bokiti suka fara. Daga bokiti suka koma kura mai ganga biyu, daga kura Allah ya kai su ga wata jar mota mai tanki, wadda ta gama cin ƙuruciyarta a wani babban gari kafin ta zo nan ƙarasa tsufa. Ba albashi, ba fansho. Kowa da sana'arsa, in aka buga ƙarfen da ke rataye a ƙofar tasha sai ya ajiye ta ya rugo. Shugabanci kuwa ba a takarda yake ba. Wata hular kwano ce ta tagulla da maƙerin ya ƙera da hannunsa, wanda take kansa shi ake bi.

Shekara talatin tana kan maƙerin, har aka manta da ƙira aka koma kiransa Tsoho. Rannan ya tara mutanensa ya ce tsufa ya kama shi, ranar bikin cikar ƙungiya shekara talatin zai cire hular ya ɗora wa wani. Kafin nan ya ba mijin 'yarsa riƙon ƙwarya, ya ce zai zuba ido ya gani.

Shi wannan mijin 'yar wanzami ne, kuma in cika baki na kashe wuta, da ko ashana ba ta isa ta kama a garin ba. Duk wanda ya zauna a gabansa aski sai ya ji yadda ya taɓa murƙushe gobarar gidan mai da rigarsa, da yadda ya fito da saniya mai ciki daga rijiya da hannu ɗaya. Gaskiyar magana, ranar gobara aikinsa shi ne ya tsaya can gefen da iska ba ta kai hayaƙi, yana yi wa 'yan kallo bayanin abin da suke gani da idonsu. Tun ranar da aka ba shi riƙo ya hana a ce masa Wanzami, sai Kwamanda. Hular nan kuwa, wayyo, yana sonta kamar ransa. Kullum sai ya kwashe kansa ƙwal don kada ranar ta zo ta ƙi zama, kuma matarsa ta sha kama shi gaban madubi da kwanon shanta a ka yana sara wa kansa.

Ana nan sai maƙwabtan tasha suka yo gayya, Mai Wanki a gaba. Murfin tankin motar ya ɓata tun tuni, ruwa na kwance wata da watanni ba gobara, sauro ya mai da shi gidan haihuwa.

"Kwamanda," in ji Mai Wanki, yana nuna ƙurajen hannunsa, "wuta dai ba ta ci mu ba, amma sauronku ya kusa cinye mu. Ku rufe tankin nan mana."

"Rufewa?" Kwamanda ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wannan ai tunanin mai guga ne. In ka rufe, na cikin fa? Ka ba su ɗaki da rufi ke nan. Ni ba na yaƙi da abokin gaba sai na tura masa wanda zai cinye shi ɗanye. Ku ba ni kwana kaɗan, za ku ga dabarar da ko a manyan ƙasashe ba su kai gare ta ba tukuna."

Dabarar ita ce 'ya'yan tarwaɗa, cike da bokiti, ya juye su cikin tankin jar mota. Kuma kada a ci amanar gaskiya, sauro ya ragu. Da ma bai ragu ba! Don tun daga ranar ƙafar Kwamanda ta daina taɓa ƙasa.

Kifi ya cinye 'ya'yan sauro tas, ya ɗago kai yana neman ƙari. Sai Kwamanda ya kira taron gaggawa, ya ce zamani ya canza, dole tsarin ƙungiya ya canza. Da can aiki a rabe yake ba hayaniya: Direba ya ja mota ya tada injin, Tela ya riƙe bakin tiyo, Mai Faci ya kula da tsani da igiya. Yanzu Tela ya zama Shugaban Sashen Ciyarwa. Mai Faci ya zama Babban Jami'in Lafiyar Ruwa. Direba kuwa aka kafa masa doka biyu: ba gudu, don ruwa na tambal-tambal yana sa kifi jiri, kuma ba jiniya, don tana tsinka musu zuciya.

"To in gobara ta tashi fa?" in ji Direba.

"Ka taɓa ganin gobarar da ta gudu don an makara? Tana nan za mu same ta."

Mutanen ba su ja da yawa ba, don kifi na ta girma, kowa ya leƙa tanki yana lissafin ranar da za a raba. Shi Kwamanda ba ci ne a ransa ba, so ne ya shiga. Akwai wata ƙatuwa a ciki, baƙa wuluk, mai gashin baki irin nasa, wadda in ya ƙwanƙwasa tanki ita ke fara tasowa. Ita ya naɗa Mataimaki, don a cewarsa a duk tashar ita kaɗai ce ba ta harin kujerarsa. Ranar da ya ga gashin bakinta ɗaya ya guntule, ya yi bincike ya ɗora laifin a kan ragar ƙarfen da ke tace ruwa a gindin tanki, ya sa Mai Faci ya nutsa ya ɓalle ta ya yar.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi, garwashin dutsen guga ya faɗa kan tulin kaya a shagon Mai Wanki. Aka buga ƙarfe. Jar mota ta fito daga tasha kamar mai ciwon baya, Kwamanda a saman tanki ya rungume bakinsa yana cewa, "A hankali! Rami! Ka ga rami!" Da yake an hana jiniya, Tela ne ya leƙo ta taga yana yi da baki, shi ma ƙasa-ƙasa. Wata tsohuwa da daron ruwa a ka ta zo ta wuce su, ta waiwayo ta ce, "Sannunku da aiki, 'ya'yana. In gaya wa wutar kuna tafe?"

Da suka isa, Direba ya kai hannu zai tada injin. Kwamanda ya diro ya riƙe masa hannu.

"Kai, ka san abin da ke cikin ruwan nan kuwa? Rayuka!"

"Kayan mutane fa ke ci!" Mai Wanki ya yi kururuwa. "Ku sako ruwa, don Allah!"

"Kwantar da hankalinka. Ƙwararre ba ya fara wa wuta da ruwa. Sai ya karance ta tukuna, ya gane ina ta dosa."

"Ta dosa ɗakin kwanana!"

"Ka gani? Har mun gane."

Kafin a gama karatun, matan layin sun kashe wutar da ruwan kumfa da ruwan ɗauraya. Abin da ya rage na kayan mutane bai wuce maɓallai ba. Kwamanda ya hau tudun toka ya sanar wa jama'a cewa yau sun shaida tarihi: an kashe gobara ba tare da ƙungiya ta yi asarar ko ɗigon ruwa ba. Wuta, in ji shi, da ta hango jar mota sai jikinta ya mutu. Mai Wanki ya ɗauki dutsen guga, sai da mutum uku suka riƙe shi.

A gida ma bai sha da daɗi ba.

"Maigida," in ji matarsa, "dusar kajina ƙafa ta yi ne? Buhu guda ya zama rabi."

"Tana bakin aikin ƙasa."

"Aikin ƙasa ko aikin tarwaɗa? Gari duk ya ɗauka. Na je ɗiban ruwa ana tambayata ko nawa kuke sayar da kilo. Ka kwashe abin nan tun Baba bai ji ba. In ya ji, wallahi ko hular kwali ba za ka gani ba."

"Ke dai 'yar maƙeri ce, ba ki san ilimin ruwa ba."

"Na dai san warinsa. Ga shi nan ka kawo mini har kan gado."

Ai kuwa Tsoho ya ji. Ya dogara sanda ya iso tasha, hular tagulla na walƙiya a kansa. Kwamanda ya zube ƙasa yana gaisuwa, yana yi wa Tela ido ya ɓoye kwanon dusa.

Tsoho ya shaƙi iska ya yamutsa fuska. "Yaro, me ya mutu a nan?"

"Ba abin da ya mutu, Baba. Sabon sinadari ne muka zuba. Wuta ba ta son warinsa."

"Ba wuta kaɗai ba." Ya matsa ya buga tanki da sanda. Ciki ya ɗauka facal-facal, har ruwa ya fantsamo. "Wannan fa?"

"Ƙarfin sinadarin ke nan, Baba. Ruwan ne ya ƙosa a kai shi fagen fama."

Tsoho ya dube shi. Ya ce, "Ruwa dai ba ya tsami banza. Amma ba komai. Jibi biki. Kamar yadda muka saba, za a kafa bukkar ciyawa a fili a cinna mata wuta, ku kashe ta da motar nan a gaban jama'a. Ka kashe, hula taka ce. Ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ya juya ya tafi abinsa.

Nan fa ido ya raina fata. Washegari Kwamanda ya kwashe duk wani daro da baho na matarsa ya kai tasha, ya ce za a yi wa kifi canjin wurin aiki na wucin gadi. Sai dai tankin motar kashe gobara ba randa ba ne, ciki a rarrabe yake da bangayen ƙarfe masu ƙofofi, kuma tarwaɗa ta san kowane lungu. Tela ya zura kwando ya fito da laka. Mai Faci ya ce shi jami'in lafiya ne, ba masunci ba. Kwamanda ya ce su matsa su ga yadda ake yi, shi da ya taɓa kama kada da hannu. Ya tuɓe ya shiga. Ba a jima ba aka ji ihu daga ciki, tanki na amsawa. Ƙayar tarwaɗa ta same shi a inda ba ya iya nuna wa kowa. Da ƙyar aka jawo shi da igiya, kuma wannan ne ceton farko da ƙungiya ta yi tun da ya karɓi riƙo. Kifi uku suka kama, ukun ma ɗaya ta sulle ta koma.

"A zubar da ruwan duka mana a kwashe su, a sake cikawa," in ji Direba.

"Ka bar Mataimaki a busasshen ƙarfe ko na ɗan lokaci? Ba da ni ba. Ku saurara. Gobe za mu yi amfani da ruwan sama-sama ne kawai. Su kifi ai a ƙasa suke zama."

"Kwamanda, ta ƙasa fa injin ke ja."

"To ka ja a hankali yadda ba za su lura ba."

Ranar biki fili ya cika maƙil. Manyan gari a kan kujeru cikin fararen kaya, Tsoho a tsakiyarsu. Ya cire hular tagulla ya ajiye a kan tebur a gabansa, abin da ba wanda ya taɓa gani. Kwamanda na ganinta a ajiye ba kai a ciki, sai da ya haɗiyi yawu. Ya karɓi lasifika a tsaye, don zama ya gagare shi tun jiya, ya ba da tarihin ƙungiya tun daga bokiti. A nasa tarihin, shi ne ya ba Tsoho shawarar kafa ta, ko da yake a lokacin ana goye da shi. Ya rufe da cewa yau zai kashe wuta kafin mutum ya gama atishawa. Ya karɓe bakin tiyo daga hannun Tela, ya ce wannan aikin manya ne. Da kansa ya ƙyasta ashana ya jefa wa bukka.

"Ruwa!"

Direba ya tada injin. Tiyo ya yi tari, ya yi gyatsa, sannan ya yi wata zabura da ta juya Kwamanda kamar an murɗa shi. Abin da ya fito ba ruwa ba ne. Wani baƙin kunu ne na ruɓaɓɓiyar dusa da kashin kifi, kuma bai nufi bukka ba, layin manyan gari ya bi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Fararen kaya suka tashi daga aiki. Mai Wanki daga cikin taro ya ɗaga hannu sama ya ce, "Allah mai rama wa bawa! Ranku ya daɗe, shagona a buɗe yake gobe!"

Kwamanda ya yi kokawa ya juyo da tiyo wajen wuta. Sai ruwan ya tsaya cak. Ya girgiza, shiru. Ya juyo da bakin ya kafa ido yana leƙawa.

"Kada ka leƙa!" in ji Tela.

Bai rufe baki ba wata 'yar tarwaɗa ta fito kamar harsashi ta yi wa Kwamanda mari a goshi. Bayanta 'yan'uwanta suka biyo, suna tashi sama suna zubowa kan jama'a. Wa zai tsaya kallon gobara ana ruwan kifi? Maza suka cire huluna, mata suka ware gyale, fili ya hargitse da wawaso. Shugaban Sashen Ciyarwa da kansa aka gani yana cusa biyu a aljihu. Bukka kuwa na ci abinta hankali kwance, ba mai damunta.

Can sai tiyo ya kumbura daga gindi. Wani ƙullutu kamar cinyar mutum ya taho yana tafiya a hankali, ya zo tsakiya ya cije. Injin na gurnani, tiyo na ƙara kumbura. Direba ya yi tsalle ya bar motar. Ji kake fau! Tiyo ya yage, ruwa ya watsu ko'ina ban da kan wuta, wata baƙar aba ta yi sama ta juya, ta faɗo tim a bakin ƙofar bukka, inda ciyawa mai wuta ke zubowa.

"Mataimaki!" Kwamanda ya ƙwala ihu.

Jama'a, abin da ya biyo baya da idon mutane aka yi shi. Mutumin nan da bai taɓa yarda hayaƙi ya taɓa rigarsa ba, ya yar da tiyo ya faɗa cikin wuta da gudu. Aka ɗauki salati. Matarsa ta ɗora hannu a ka. Sai ga shi ya fito, gira ta tafi, gashin baki rabi, riga na hayaƙi, ya rungume tarwaɗa a ƙirji tana bugunsa da jela.

"Ruwa! A kawo ruwa! Za ta mutu!"

Ya duba dama ya duba hagu, duk wani kwano da bokiti na filin an cika shi da kifin wawaso. Idonsa ya faɗa kan tebur. Bai yi wata-wata ba ya fizgi hular tagulla daga gaban surukinsa, ya kamfaci ruwan kwatamin da ya taru a ƙasa, ya lanƙwasa Mataimaki ya tura ta ciki. Ya durƙusa yana shafa mata baya yana cewa, "Yi numfashi, yi numfashi, ga ni nan."

Bukka ta rufta, ta zama toka. Fili ya yi tsit, sai ɗan facal-facal daga cikin hular. A nan ne Kwamanda ya ɗago kai ya ga abin da ke hannunsa, ya ga kuma wanda ke tsaye a kansa. Amma bakin da ya saba ba ya mutuwa da wuri.

"Baba, kun dai gani da idonku. Ceto daga tsakiyar wuta, ba asarar rai ko ɗaya."

"Na gani," in ji Tsoho, baƙin ruwa na ɗiga daga gemunsa. "Shekara da shekaru ina addu'a Allah ya nuna mini ranar da za ka shiga wuta don wani. Ga shi ya nuna mini. Laifina ne da ban faɗi ko don wa ba."

Ya miƙa hannu. Kwamanda ya miƙa hular da hannu biyu, har da sunkuyar da ƙwalelen kansa, don har yanzu bai cire rai ba. Tsoho ya karɓa, ya juye tarwaɗa da ruwanta a cinyar surukin nasa, ya kaɗe hular sau ɗaya, ya kifa ta a kansa. Sauran ruwan ya gangaro masa ta bayan kunne, ko gogewa bai yi ba.

Shugaban gari, yana matse hannun rigarsa, ya ce, "To Tsoho, wa za a sanar? Ka ce tsufa ya kama ka."

Tsoho ya dubi toka, ya dubi yagaggen tiyo, ya dubi mijin 'yarsa zaune a laka yana kokawar riƙe kifi kada ya sulle.

Ya ce, "Sanar da su na fasa tsufan."